Turmutsitsi: Yadda Taro Ke Kisa, da Yadda Za a Tsare Rai

A jawabanmu na kiwon lafiya mun saba yin magana a kan sauro da ƙuda da ruwan sha. Yau kuwa za mu yi magana a kan wani abu wanda ba shi da ƙwayar cuta, ba a kuwa yi masa allura, amma yakan kashe lafiyayyen mutum cikin 'yan mintoci yana tsaye da ƙafafunsa. Watau turmutsitsi. Muna roƙon mutanen ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, maza da mata, su kasa kunne da kyau. Wanda ya iya karatu kuma, in wannan takarda ta zo hannunsa a ɗakin shan magani, ya karanta wa waɗanda ke zaune kusa da shi.

Wata kalma da asalinta

Duk sa'ad da irin wannan hatsari ya auku, in kun kama tashar da ke ba da labari da Turanci, za ku ji ana ta maimaita wata kalma, stampede, ana furta ta kamar "istamfid". Asalinta ba daga Ingila take ba. Mutanen Amurka ne suka aro ta daga bakin mutanen Meksiko masu jin Sifaniyanci, yau kusan shekara 200 ke nan, kuma maganar makiyaya ce. Ma'anarta ta farko ita ce garken shanu ko na dawaki ya razana, ya fashe da gudu gaba ɗaya, saboda tsawa, ko ƙarar bindiga, ko warin naman daji. Wanda ya zauna kusa da rugar Filani ya san wannan. Saniya ɗaya ta zabura, sauran su bi, ba wadda ta san abin da ya kore ta, duk abin da suka tarar a gaba sai su bi ta kansa.

Daga baya aka ɗauki kalmar aka ɗora wa mutane. In wuta ta kama gida jama'a suka fita a guje, sai a faɗe ta. In kowa ya dunguma wajen wani abin so, ita ce dai. Cikin 1897, da labari ya bazu an sami zinariya a arewacin Kanada, dubban mutane suka bar sana'arsu suka nufi can, da wannan kalma aka kira tafiyar tasu. Har in an uzzura wa mutum ya yanke shawara da garaje, Bature yakan ce an yi masa haka.

Mu kuwa Hausawa mun fi su kalmomi a nan, mun kuma fi su rarrabewa. In mutane suka tsorata kowa ya yi ta kansa, mukan ce an yi "ƙafa me na ci ban ba ki ba", ko "in ba ka yi ba ni wuri". In ana rabon wani abu kowa na son ya riga wani, wannan rububi ne, in ya ɓaci ya zama wawaso. In mutane sun yi wa wuri yawa har ba masaka tsinke, wannan cunkoso ne. In kuwa cunkoso ya kai ga ture-ture da faɗuwa, shi ne turereniya ko turmutsitsi, da su ne masu fassara labarai kan fassara waccan kalma ta Turanci.

Kada ku ce ina ruwan mai kiwon lafiya da ma'anar kalma. Akwai ruwansa ƙwarai. Wanda ya ji kalmar makiyaya, abin da zai zo masa a rai shi ne mutane na gudu kamar shanu suna tattake juna. Daga nan sai ya ɗora laifi a kan waɗanda suka mutu, ya ce rashin haƙurinsu ne ko kwaɗayinsu. Shi ya sa masanan da ke binciken haɗarin taro ba su son a riƙa amfani da ita barkatai, domin a mafi yawan wuraren da aka yi hasarar rayuka ba wanda ya yi gudu. Ko wurin ɗaga ƙafa ma babu.

Iri uku, kowane da misalinsa

Na farko shi ne gudun firgita, wanda ya dace da asalin kalmar. Ran 27 ga Janairu 2002, rumbun makamai na barikin soja a Ikeja, cikin Ikko, ya kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi. Jama'a suka gudu da duhu ba su san inda suke sa ƙafa ba, suka auka cikin wani babban magudanar ruwa da ciyayi suka rufe. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, mafi yawansu a ruwan nan, ba a wutar ba. Wani lokaci kuma ji-ta-ji-ta kurum ke jawo shi. A Bagadaza, cikin Agusta 2005, aka ce akwai mai bam cikin jama'ar da ke ƙetare wata gada, mutum kusan 1,000 suka hallaka. A nan kusa da mu, cikin Nuwamba 2015, gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana a jihar Kano, 'yan mata 7 suka rasu, yawanci wajen ƙoƙarin fita ta ƙofa.

Na biyu shi ne rububin rabo, shi ne kuwa ya fi damunmu a 'yan shekarun nan. Ran 17 ga Fabrairu 2020, a garin Diffa na Jamhuriyar Nijar, wajen raba wa 'yan gudun hijira abinci da kuɗi, mutum 20 suka rasu, mata da yara. Cikin Maris 2024, da azumi, wajen rabon zakka a Bauci, mutum 7 suka rasu. Cikin Disamba na shekarar, ran 18 ga wata, yara 35 suka mutu a Ibadan a wani taron da aka yi alkawarin ba su kuɗi da abinci. Bayan kwana 3, ran 21 ga wata, mutum 10 suka rasu a Abuja, 22 a Okija ta jihar Anambra, duk wajen rabon abinci. Watau rai 67 cikin kwana 4.

Na uku shi ne cunkoso tsantsa, ba tsoro, ba rabo. Mahajjata sun san shi. Cikin 1990 mutum 1,426 suka rasu a wata hanyar ƙarƙashin dutse a Mina. Ran 24 ga Satumba 2015, ranar Babbar Salla, ayari biyu na alhazai suka haɗu a wata mahaɗar hanya a Mina, ga tsananin zafi. Hukumar Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, amma da aka tattara lissafin da ƙasashe suka bayar, ya haura 2,000. 'Yan Nijeriya fiye da 270 na ciki, har da Hajiya Bilkisu Yusuf, sananniyar 'yar jarida ta Kano. Bayin Allah ne masu tafiya wajen ibada, ba su gudu ba, ba su kuwa wawashi kome ba.

Abin da ke kashe mutum

To, in ba tattakewa ba, me ke kisa? Ku ɗora hannu a ƙirjinku, ku ja numfashi. Kun ji haƙarƙari ya buɗe, ciki ya taso? Sai da wannan buɗewa iska ke shiga huhu. Cikin cunkoso, duk sa'ad da mutum ya saki numfashi ƙirjinsa ya ɗan koma, sai jikin jama'a ya cike gurbin. In ya zo ja kuma, ba wuri. In matsin ya tsananta, cikin rabin minti mutum na iya suma. In ƙwaƙwalwa ta rasa iska minti 4 zuwa 6, ta fara lalacewa ke nan. Shi ya sa akan sami mutum ya cika a tsaye, sai taro ya sassauta sa'an nan gawarsa ta faɗi.

Wani injiniya na Amurka, John Fruin, wanda ya daɗe yana binciken wannan al'amari, ya bayyana cikin 1993 cewa kusan duk mace-macen taro daga wannan matsewar ƙirji suke. Ya ce an ga shingen ƙarfe da jama'a suka lanƙwasa, wanda ba ya lanƙwasuwa sai da nauyin da ya kai kilo 450. Ku ƙiyasta, buhun taki 9 ke nan a kan ƙirjin mutum ɗaya. Ba wani ƙato ne ya yi wannan ba. Ɗan turin da kowa ke yi ne ya taru, daga baya zuwa gaba.

Ku zana fili a ƙasa, tsawonsa mita 1, faɗinsa mita 1, watau yadi guda da 'yan kai. In mutum 2 suka tsaya ciki, kowa na sakewa. In 4 ne, kafaɗa na gugar kafaɗa, tafiya ta zama ja da ƙafa. In sun kai 6, ba mai iya juyawa yadda ya so, hatsari ya zo. In sun kai 7, taro ya zama kamar ruwa a kwatarniya. A tura daga can, igiyar turin ta bi ta cikin mutane, ta ɗaga wani sama ta ajiye shi gaba, takalminsa na baya. In mutum ɗaya ya faɗi a wannan hali, na bayansa sun rasa madogara, sai su rufta kansa, na bayansu su rufta kansu, a yi tsibi.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne na baya bai san halin da na gaba ke ciki ba. Shi yana ganin layi ne bai motsa ba, sai ya ɗan matsa. Bai san wannan ɗan matsawar ce ke tsai da numfashin wata tsohuwa a bakin ƙofa ba.

Inda hatsarin yake a wajenmu

Kada wani ya ce wannan sai Makka ko Ikko. Ba sai an tara dubbai ba. Mutum 200 da ƙunƙuntar ƙofa ɗaya sun isa.

Ku dubi kasuwar Maƙarfi lokacin da rake ya kama, manyan motoci sun tsaya suna lodi, sun toshe hanya, jama'a na bi ta ɗan lungu tsakanin mota da rumfa. Ku dubi kara ran kasuwa, in sa ya tsinke igiya. Ku dubi ƙofar filin Idi bayan an sallame, kowa na son fita lokaci ɗaya, ko kuwa wajen kallon hawan Salla a Zariya in doki ya zabura ya nufo 'yan kallo. Akwai rabon taki da damina ta gabato, akwai rabon zakka da azumi, akwai taron siyasa da na Mauludi da na wa'azi. Akwai gidan biki, inda wani kan watsa kuɗi sama yara su rufu a kai. Akwai makarantun kwana da na allo, inda yara da yawa ke kwana a ɗaki mai ƙofa ɗaya. Har ɗakin shan maganin nan da kuke zaune, ran da aka ce gidan sauro ya zo, kun san yadda bakin ƙofa ke zama. Daga Paki zuwa Gubuci, daga Hunƙuyi zuwa Likoro, ba garin da ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan.

Waɗanda suka fi shiga uku su ne gajeru da marasa ƙarfi, watau yara, da tsofaffi, da mata masu ciki, da masu asma ko ciwon zuciya. Iyayenmu mata, ku ji wannan da kyau. Goyo yana bayanki, ba ki ganinsa, duk turin da ya zo daga baya kuwa a kansa yake fara sauka. Kansa na ƙasa da kafaɗun manya, inda iska ba ta kai. Yaro na iya shiru ki ɗauka barci ne. Kada ki shiga layin rububi da goyo ko da ciki, kome za a raba.

Alamun da za ku juya

Maganin turmutsitsi na farko shi ne a gane shi tun bai ƙulle ba. Duk wurin taron da ka shiga, fara duba ta ina za ka fita, ka kuma nemi wata hanyar ban da wadda ka shigo. Sa'an nan ka lura da alamu 4.

Ɗaya, in ana taɓa ka ta gaba da baya da gefe biyu duka. Biyu, in ba ka iya ɗaga hannu ka shafa fuskarka. Uku, in ka ga taro na layi, yana tangaɗi kamar dawa a iska. Huɗu, in ƙofa na rufe, jama'a na ta ƙaruwa a bakinta, ba wanda ya san lokacin buɗewa.

In ka ga ko ɗaya, juya tun da sauran hanya. Mudun shinkafa bai kai ranka ba, wanda ya rasa rabon yau yana iya samun na gobe.

In ka riga ka shiga ciki

1. Tsaya da ƙafafunka. Ware su kaɗan, ɗaya gaba ɗaya baya. In takalmi ko hula ko kuɗi ko waya ya faɗi, bar shi. Wanda ya sunkuya cikin cunkoso da wuya ya miƙe.

2. Ɗaga hannuwanka ka tare ƙirji kamar ɗan dambe, gwiwar hannu na gaban haƙarƙari. Wannan ɗan filin da ka tsare, shi ne wurin numfashinka.

3. Kada ka yi kokawa da taro, ya fi ƙarfinka. In turi ya zo, bi shi. In ya lafa, ka ɗan zame a karkace zuwa gefe, kamar mai ƙetare rafi da damina, taki ɗaya ko biyu, har ka kai inda mutane suka yi sauƙi.

4. Nisanci bango da shinge da ƙyaure da jikin mota. A nan ake matse mutum ba wurin ja da baya.

5. Rage ihu, ka adana numfashinka. In za ka yi magana, faɗi abin da zai yi amfani, watau "A ja baya, an faɗi!" Na kusa su karɓa su miƙa, har ta kai ga na ƙarshe.

6. In yaro na tare da kai, ɗaga shi sama ka saɓa a kafaɗa. Mai goyo ta nemi wani dogo ya karɓa mata tun matsi bai yi yawa ba.

7. In wani ya faɗi kusa da kai, ɗaga shi nan da nan in kana iyawa. Ka ceci ransa, ka kuma toshe ramin da kai ma za ka faɗa.

8. In kai ne ka faɗi ka kasa tashi, kwanta ta gefe, ka dunƙule, ka tare kanka da hannuwa. Kada ka kwanta rigingine ko rub da ciki.

Wanda kuma ya yi ihun "wuta" ko "ga su nan" cikin taro don wasa, ko ya yaɗa abin da bai gani da idonsa ba, ya sani alhakin rai yake nema.

Taimakon farko

In an janye mutum daga cikin tsibi, a kai shi inuwa, jama'a su ba shi iska. Sau da yawa za ku ga fuskarsa ta kumbura ta yi duhu, idanu sun yi ja wur. Matsi ne ya hana jini komawa. A kira sunansa, a dubi ƙirjinsa ko yana motsi, a kara kunne a hancinsa.

In ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga haɓarsa, don kada harshe ko amai ya toshe masa maƙogwaro. Kada a ɗura masa ruwa ko nono ko wani jiƙo. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, huhu abin zai tafi.

In ba ya numfashi, kada a yi saurin rufe shi da zane a ce ya cika. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ka danna da ƙarfi ya shiga kamar inci 2, ka saki, da sauri, wajen sau 2 kowace daƙiƙa. In ka danna sau 30, ɗaga haɓarsa, toshe hancinsa, ka hura masa iska a baki sau 2 har ƙirji ya taso, ka koma dannawa. In ƙaramin yaro ne, hannu ɗaya ya isa. In ka gaji wani ya karɓa, kada a tsaya sai ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya iso. Wannan aiki ya fi kyau a koya da ido. Ku roƙi malamin asibitinku ko 'yan agaji su nuna muku, tun ranar bukata ba ta zo ba.

Wanda ke kukan wuya ko gadon baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗauke shi a ɗora a babur. A sa shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, kai da wuya a miƙe, mutum huɗu su ɗauka. Wanda haƙarƙarinsa ya karye, kada a ɗaure ƙirjin tamau da rawani, domin ɗaurin zai ƙara hana shi numfashi. A fara kai shi asibiti.

Akwai kuma wanda zai tashi ya kakkaɓe riga ya tafi gida, alhali ɓarna na ciki. Ku lura da shi kwana 2 ko 3. In numfashi na yi masa wuya, ko yana tarin jini, ko ciki na ciwo yana kumbura, ko yana jiri da amai, a kai shi asibiti a ranar. In fitsarinsa ya ragu, ko ya koma kamar baƙin shayi, tsokar da aka danne ce ta saki dafi cikin jini, yana kuwa iya kashe ƙoda. Mai ciki kuma ta je a duba ta ko ba ta jin kome, balle in ta ga jini ko ta daina jin motsi. Ɗakin shan magani zai yi abin da ya iya, ya tura ku babban asibiti a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In an ba ku takardar turawa, ku tafi, kada ku tsaya shawara sai gobe.

Ga masu tara jama'a

Yanzu maganarmu da hakimai da dagatai da masu unguwa, da limamai, da sarakunan kasuwa, da shugabannin makarantu, da attajirai masu fid da zakka, da 'yan siyasa. Ranku ya daɗe, mafi yawan maganin yana hannunku. Wanda ke tsakiyar cunkoso ba shi da iko da kansa. Mai iko shi ne wanda ya zaɓi wurin, ya sa lokaci, ya riƙe mabuɗin ƙofa.

In rabo za a yi, a rubuta sunaye tun da wuri ta hannun masu unguwa, a ba kowa kati, a tabbatar masa rabonsa na nan ko ya zo da la'asar. Abin da ke haddasa rububi shi ne mutum ya san kaya ba za su isa ba, sai wanda ya riga. Kada a yi shela a rediyo ko a waya cewa kowa ya zo. A rarraba wuraren rabo unguwa unguwa, a rarraba ranaku. Tsofaffi da masu ciki da naƙasassu a kai musu gida. Haka iyayenmu ke yi da zakkar hatsi, a aika da ita cikin sutura, ba wanda ya ji balle ya gani.

A zaɓi fili mai faɗi, kamar filin makaranta. Ƙofar shiga dabam, ta fita dabam, kada masu shiga su yi karo da masu fita. A buɗe ƙofa tun jama'a ba su taru ba. A ja igiya a yi layuka gajeru, na mata dabam, a zaunar da mutane, gama na zaune ba ya turi. A tanadi inuwa da ruwan sha. A sa mutum ɗaya a wuri mai tudu da lasifika, yana ganin gaba da baya, yana gaya wa na baya abin da ake ciki. In ya ga gaba ta cushe, a tsai da masu shigowa daga nesa.

Kada a sa bulala. In aka tsula wa na gaba, baya zai ja, na baya kuwa na matsowa, sai na tsakiya ya mutu. Kada a jefa kuɗi ko kaya cikin taro daga kan mota. A ajiye mota ɗaya da direba a shirye, a kuma sanar da asibiti da 'yan sanda tun kafin ranar.

A makaranta da masallaci da gidan kallo, ƙyaure ya zama mai buɗewa waje, ƙofa ta zama fiye da ɗaya. Kada a kulle yara da kwaɗo daga waje da dare. A gwada musu fita cikin natsuwa, layi layi, ko sau ɗaya a zango, don ƙafa ta san hanya kafin ranar tsoro.

Ga maniyyata

Masu niyyar sauke farali, bayan hatsarin 2006, inda alhazai fiye da 340 suka rasu wajen jifa, an rushe tsohuwar gadar Jamra an gina sabuwa mai hawa hawa, hanyar zuwa dabam, ta komowa dabam, an kuma yanka wa kowace tawaga lokacinta. Ku bi lokacin da jami'an alhazai suka ba ku. Kada ku yanke hanya, kada ku juyo ku fuskanci masu zuwa, kada ku tsaya neman takalmi. Ku riƙe ruwan sha da laima. Tsoho da majinyaci da mai ciki su tambayi malamai hukuncin wakilta wani ya yi musu jifa, domin addini ya yi sauƙi a nan.

To, jama'a, abin da muke so ku riƙe ke nan. In kun ji an ce an yi turmutsitsi a wani gari, kada ku yi saurin cewa mutane ne suka zama shanu. Ku tambaya, ƙofa nawa ce, wa ya rufe ta, mutum nawa aka kira, kaya nawa aka tanada. In za ku taro, ku san mafita, ku bar yara da goyo a gida, ku juya tun da sauran hanya. In kuna baya, kada ku tura, watakila uwar wani ce a gaba. In ku ne masu rabo, ku tsara shi yadda kowa zai koma gida da ƙafafunsa. Riga-kafi ya fi magani.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ƙuna, da abin da ya kamata a yi wa wanda wuta ko tafasasshen ruwa ya ƙona kafin a kai shi asibiti. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Mu kwana nan.